Yadda ake tsara jarrabawa mai inganci kan bugun zuciyar ɗan tayi

Tambaya: Ni malama ce a makarantar horar da ungozomomi. Bayan darasin sa ido kan bugun zuciyar jariri lokacin naƙuda, kusan kowa ya ci jarrabawar rubutu da maki mai yawa, amma a ɗakin haihuwa wasunsu sukan daburce idan aka miƙa musu takardar CTG, wato takardar da na'ura ke zana bugun zuciyar jariri da murɗawar mahaifa a kai. Ina matsalar take?

Amsa: Malama, abin da kika gani alama ce ta cewa jarrabawar ta auna hadda, ku kuma kuka ɗauki makin a matsayin shaidar ƙwarewa. Ingancin jarrabawa yana cikin amsar tambaya guda: shin makin da ɗaliba ta samu yana nufin abin da kuke cewa yana nufi?

Kafin a rubuta ko tambaya ɗaya, ya kamata ungozomomi da likitocin mata su zauna su amince kan abin da dole mai karɓar haihuwa ta sani, sannan a raba tambayoyin tsakanin sanin yadda iskar oksijin ke isa ga jariri ta mabiyiya, da karanta takardar, da yanke shawarar abin yi. Haka aka yi a Denmark, inda aka fara tattara ra'ayin masana na ƙasa baki ɗaya kafin a gina jarrabawar. Ku kuma tsayar da ƙa'ida guda tun farko, domin ta FIGO (ƙungiyar likitocin mata ta duniya) ta shekarar 2015 tana kasa takardar zuwa mai kyau, da mai shakku, da mai haɗari, yayin da Amurka ke da nata rukunoni uku na 2008, kuma ma'auninsu ba ɗaya ba ne. Hatta gudun takardar ya bambanta: santimita 1 a minti a Ingila, 3 a Amurka, don haka hoton da aka kwaso daga intanet yana iya ruɗar da wadda ta saba da ɗayan.

Inda aka fi yin sakaci shi ne siffar tambayar. Wadda ta haddace cewa bugun da ke daidai yana tsakanin 110 da 160 a minti za ta ci tambayar da ke neman wannan kawai ko cikin barci. Gara a ba ta labari: mace mai ciki na mako 39, an ɗaura mata ruwan naƙuda, mahaifa tana murɗawa sau 6 cikin minti 10, ga takarda tana nuna bugun yana faɗuwa a makare, ba ya dawowa sai bayan murɗar ta wuce. Me za ta fara yi? Amsar da ake nema ita ce ta tsayar da ruwan, ta kwantar da matar a gefenta, ta kira likita. Sauran zaɓin canki-cankan su kasance kurakuran da ake yi da gaske, kamar ɗaukar bugun uwa a matsayin na jariri. Kowace takarda kuwa a fara nuna wa ƙwararru daban-daban, domin sananne ne cewa su ma sukan saɓa wa juna, kuma wadda suka kasa haɗuwa a kanta ba ta dace da jarrabawa ba.

Daga nan sai gwaji. A ba sababbin ɗalibai da tsofaffin hannu. Idan makinsu ya zo kusan ɗaya, jarrabawar ba ta bambance komai. Kowa ya ci, kamar yadda ya faru a ajinki, yana nufin ta yi sauƙin da ba za ta tona mai rauni ba. Makin ci ma kada a yanke shi a kan 50 don al'ada kawai. A hanyar Angoff, ƙwararru suna ƙiyasta yadda mai mafi ƙarancin ƙwarewar da za a iya amincewa da ita za ta amsa kowace tambaya, sai a fitar da makin daga nan.

Da yawa daga ɗalibanki za su yi aiki a asibitocin da babu CTG, sai ƙahon Pinard ko ƙaramar na'urar Doppler, waɗanda ake sauraren bugun jariri da su. Saboda haka tambayoyi kan saurare na minti guda cur da zarar murɗa ta wuce, da maimaita shi duk minti 5 a matakin yunƙuri, su samu kaso mai tsoka. Ko ɗaliba ta iya ɗora ƙahon a inda ya dace kuwa, wannan sai kin tsaya a kanta a bakin gado kin gani da idonki.