Tun Kafin A Sauke Siminti Ake Cinye Kuɗin Kwangila

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A garinmu an gina ajujuwa uku a makarantar firamare, aka ce aikin mazaɓa ne da ɗan majalisar tarayya ya kawo. Damina biyu kacal aka yi, iska ta yaye kwanon aji ɗaya, bangon sauran ya tsage, yara suka koma gindin bishiya. Kowa na cewa ɗan kwangila ne ya cinye kuɗin. Shin akwai hanyar hana irin wannan, ko kuwa sai dai mu ci gaba da addu'ar Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa? Mu talakawa kuma me za mu iya yi? (Daga wani malamin makaranta a jihar Katsina)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri. Addu'ar nan kada a fasa ta. Amma zan fara da ɗan kwangilar da kuke zagi, domin a mafi yawan ayyukan da na gani, shi ne na ƙarshe a layin masu cin kuɗin, kuma sau da yawa ba shi ya fi samun kaso ba.

A ce an ware naira miliyan 60 don ajujuwa uku. Wanda ya sa aikin a kasafin kuɗi yana da nasa kason. Jami'in da takarda za ta bi ta teburinsa yana da nasa. Kamfanin da aka rubuta sunansa a takardar kwangila, wataƙila ofishinsa bai wuce jakar hannu ba, sai ya cire ribarsa ya sayar da aikin ga wani, wancan ma ya sayar. Kafin aikin ya iso hannun magini na gaskiya, abin da ya rage bai kai rabi ba. Shi kuma ba zai yi asara ba. Buhun simintin da ya kamata a buga bulo talatin da 'yan kai da shi, sai a buga sittin. A rage kaurin rodi, a rage zurfin fandisho, a sayo kwano mai kamar takarda, a ɗora shi a kan ɗanyen katako. Daga nan injiniyan da bai taɓa taka garinku ba ya sa hannu cewa aiki ya kammala. Tsagewar bangon da kuka gani, tun a ofis aka yi ta da biro, wata shida ko shekara kafin a sauke tifar yashi ta farko.

Shi ya sa nake cewa kama ɓarawo bayan gini ya rushe ihu ne bayan hari. Hukumomin yaƙi da cin hanci, EFCC da ICPC, suna da amfaninsu, amma shari'ar kwangila takan ɗauki shekaru, yaran nan kuma suna gindin bishiya. A 2011 kwamitin da shugaban ƙasa ya kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ƙirga ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da aka fara ba a gama ba. Wace kotu ce za ta iya bin wannan ɗaya bayan ɗaya? Abin da ake nufi da kyakkyawan shugabanci a harkar kwangila shi ne a tsara hanyar ta yadda ko marar gaskiya ne ya zauna a kujerar, satar za ta yi masa wuya, in ya yi kuma ta bar sawu.

Nijeriya ba ta rasa doka ba. Gwamnatin Obasanjo ta fara da ofishin bin ƙa'idar kwangila a fadar shugaban ƙasa, wanda Oby Ezekwesili ta jagoranta. A watan Yuni na 2007 marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya sa hannu a dokar sayen kaya da bayar da kwangila ta gwamnatin tarayya, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati. Dokar ta ce asalin hanya ita ce gasa a fili: a tallata aiki a jaridun ƙasa aƙalla biyu, kowane kamfanin da ya cancanta ya kawo farashinsa a rufe, a buɗe takardun a gaban jama'a, a karanta sunan kowa da kuɗin da ya nema da babbar murya. Ta kuma ce a gayyato 'yan sa ido biyu, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru masu zaman kansu, ɗaya daga ƙungiyoyin farar hula masu yaƙi da rashawa. Manyan ayyuka ba a biyan kuɗinsu sai BPP ta ba da takardar cewa ba ta da ja. Hukuncin ma ba na wasa ba ne: ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba, babu zaɓin tara, kamfani kuma a haramta masa kwangilar gwamnati na aƙalla shekara biyar, ya biya tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin.

To ina gizo ke saƙar? A yadda ake zagaye dokar ba tare da an taɓa ta a takarda ba.

Dabarar da ta fi yawa ita ce yanka aiki gunduwa-gunduwa. Kowane ofishi yana da iyakar kuɗin da zai iya amincewa da shi ba tare da ya kai gaba ba. Sai a ɗauki aiki guda a raba shi huɗu, kowane yanki ya tsaya ƙasa da iyakar da kaɗan, shugaban ofis ya sa hannu shi kaɗai. Dokar ta ambaci wannan da suna a cikin laifuffuka, amma ana yi. Sai kuma gaggawar ƙarya: a zauna a kan kuɗi har watan Disamba, sannan a ce lokaci ya ƙure, ba damar talla, a miƙa wa na gida. Akwai rubuta sharuɗɗan da kamfani ɗaya tak a duniya zai iya cikawa, kamar tela ya auna mutum sannan a ce rigar ta wanda ta yi wa daidai ce. Akwai kuma karya farashi don a ci gasa, bayan wata uku a dawo da takardar neman ƙari, a ce kaya sun tashi, har kuɗin ya ninka.

Wadda ba na mantawa ita ce gasar bogi. Wata shekara na zauna a matsayin ɗan sa ido a wajen buɗe takardun kwangila a wani ofishi. Kamfanoni uku, sunaye uku, tambari uku. Ina juya shafuka sai na ga kalma ɗaya da aka yi kuskuren rubuta ta a shafi na biyu na kamfanin farko. Na duba na biyu, kuskuren na nan a wuri ɗaya. Na uku ma haka. Takardun banki da suka haɗo kuwa daga reshe ɗaya suke, rana ɗaya, lambobinsu na bin juna. Mutum ɗaya ne ya yi gasa da kansa, ya kuma yi nasara. Da na nuna, ɗakin ya yi tsit, sai wani ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mai buga takardu ɗaya suka je." Na rubuta abin da na gani a rahotona, aka sake tallata aikin. Ba wani ilimi na yi amfani da shi ba, kujera kawai na samu a ɗakin, aka kuma ba ni takardun na riƙe. Irin wannan ce ta sa dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta a bayyana ainihin mai iko da kowane kamfani, kuma a 2023 hukumar rajistar kamfanoni ta buɗe kundin da kowa zai iya dubawa ta intanet.

Akwai matsalar da ta fi waɗannan, kuma daga sama take. Dokar 2007 ta ce a kafa majalisar ƙasa mai kula da harkar kwangila, wadda za ta haɗa da wakilan injiniyoyi, lauyoyi, 'yan kasuwa, 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula. Gwamnatoci suka yi ta zuwa suna wucewa shekara da shekaru ba su ƙaddamar da ita ba, majalisar ministoci ta ci gaba da amincewa da manyan kwangiloli a zamanta. A ganina wannan bai dace ba. Ɗan siyasa aikinsa ya ce a gina asibiti ko hanya, ya nemo kuɗin. Zaɓen wanda zai gina kuwa aikin ƙwararru ne da za a iya tuhumarsu da suna. In hannu ɗaya ne ya zaɓi aiki, ya zaɓi ɗan kwangila, ya tabbatar an gama, ya kuma biya, to an ba kura ajiyar nama. Ayyukan mazaɓu irin naku sun fi kowane faɗawa wannan rami. A ƙa'ida ɗan majalisa suna kawai yake bayarwa, ma'aikata ce ke ba da kwangilar. A aikace sau da yawa shi ke kawo kamfanin, har a cusa ginin aji a kasafin wata hukumar da ba ruwanta da ilimi, don a can ne aka fi jin maganarsa.

Ƙasar da aka fi buga misali da ita ita ce Yukiren. Daga 2016 ta mayar da sayayyar gwamnati kan manhajar ProZorro, inda kowa zai ga tallan aiki, kamfanonin da suka nema, farashin kowannensu, da wanda ya samu. Ba wai sata ta ƙare a can ba, amma ɓoye ta ya yi wuya, kuma 'yan ƙasa sun kafa nasu dandalin suna bin kwangiloli suna tona masu wari. Mu ma BPP tana da shafi irin wannan, sai dai ma'aikatu da dama ba sa sa bayanansu, ko su sa rabi. Jihohi kuma galibinsu suna da tasu dokar, domin ta tarayya ba ta hau kan kuɗin jiha zalla ba.

Yanzu ga naku ɓangaren. Tunda aikin tarayya ne, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana tare da ku, kuma ba ta ce sai kun faɗi dalilinku ba. Ku fara gano hukumar da ta ba da aikin. In allon da aka kafa a bakin ginin yana nan, sunanta na jiki, da na kamfanin. Ku rubuta mata wasiƙa da sunan ƙungiyar iyaye da malamai ko kwamitin kula da makarantar, ku nemi abu huɗu: takardar bayar da kwangilar, takardar ƙididdigar kayan aiki, takardar shaidar kammala aiki, da jerin kuɗin da aka biya. Doka ta ba su kwana bakwai su amsa. Ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku, don ranar da za a ce ba a ga wasiƙa ba.

Takardar ƙididdigar nan ita ce makaminku. A ciki za ku ga kaurin kwanon da aka biya kuɗinsa, girman rodi, yawan tagogi da ƙofofi, ko akwai sili, ko akwai kujeru. Ku ɗauki magini amintacce na garinku ku zagaya ginin da ita a hannu. Yawanci kuma gwamnati takan riƙe wani ɗan kaso na kuɗin ɗan kwangila, galibi kashi 5 cikin 100, har a ga ginin bai nuna aibu ba. Ku tambaya ko an sake shi, wa ya sa hannu, yaushe.

Da wannan a hannu sai ku kai ƙorafi ICPC, wadda tun 2019 take da shirin bin diddigin ayyukan mazaɓu, kuma ta sha tilasta wa 'yan kwangila komawa bakin aiki. Tracka ta ƙungiyar BudgIT da Follow The Money su ma wannan ce sana'arsu. Ta biyun ma a kan kuɗin tsabtace ƙauyen Bagega na Zamfara daga gubar dalma ta fara yin suna. Ku haɗa da hotunan tsagewar bangon da na rufin, da kwanan wata, da sa hannun mai unguwa da shugaban makarantar idan sun yarda. Kada mutum ɗaya ya ɗauki abin a kansa, musamman ku ma'aikatan gwamnati da za a iya yi wa canjin wurin aiki da dare ɗaya. Ku sa sunan ƙungiya a gaba.