Tambayoyin Masu Karatu: Kitse ya hau a jinina, me ya sa ba a ba ni magani ba?

Tambaya: Likita, shekaruna 52, kuma gwajin da aka yi mini a asibitin unguwarmu ya nuna kolestirol ɗina, wato kitsen jini, ya kai 5.8. Ba a rubuta mini magani ba, alhali maƙwabcina mai ciwon suga, wanda nasa bai kai nawa ba, an ɗora shi a kan magani. Shin sakaci aka yi mini?
Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ba lallai ne a ce sakaci ba ne, domin ba da lamba ɗaya ake yanke wannan hukunci ba. Gaskiya ne ana so jimillar kolestirol ta tsaya ƙasa da 5.2 a ma'aunin mmol/L, to amma jimillar ta ƙunshi nau'o'i masu aiki daban: akwai LDL, wanda ke taruwa a bangon jijiyoyin jini har ya ƙuntata su, akwai kuma HDL, wanda ke kwashe kitsen ya mayar da shi hanta. Ka sake duba takardarka layi-layi. Idan HDL ya gaza 1.0 ga namiji, ya yi ƙasa.

Tun daga binciken da aka fara a garin Framingham na Amurka a 1948 aka gane cewa abubuwan da ke jawo ciwon zuciya taruwa suke yi su ƙarfafi juna. Shi ya sa jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 yake haɗa shekaru, jinsi, shan taba, hawan jini, ciwon suga da kolestirol, sannan ya ƙiyasta haɗarin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin shekara 10 masu zuwa. Ciwon suga kaɗai ya isa ya ɗaga haɗarin maƙwabcinka sama da naka, shi ya sa galibi ana ba masu suga da suka haura 40 maganin rage kitse irin su atorvastatin.

Sai dai idan LDL ya kai 4.9, ko kuma wani a gidanku ya gamu da bugun zuciya da ƙuruciyarsa, ba a jiran jadawali, domin yawan kitsen yana iya zama na gado. A ganina, abin da ya fi gaggawa shi ne ka riƙa auna hawan jininka, wanda mutanenmu ke yawo da shi ba su sani ba. Ka rage man shanu da kitsen tsire, ka yawaita tafiya a ƙafa, sannan ka koma wurin likitanka ka tambaye shi kashi nawa cikin ɗari haɗarinka ya kai, da lokacin da za a maimaita gwajin.