Shayin Pu'er na ƙasar Sin: tambayoyinku ga likita

Tambaya: Likita dan Allah, ubangidana ya dawo daga Guangzhou ya kawo min wani shayi dunƙulalle kamar faifai, wai shekararsa goma, ƙamshinsa kamar ƙasa in an yi ruwan fari. Anya bai lalace ba?

Amsa: Ɗan'uwa wannan shi ake kira Pu'er, daga lardin Yunnan yake fitowa, faifai ɗaya yawanci giram 357 ne. Kala biyu ne, akwai sheng wanda ake matsewa a ajiye ya tsufa a hankali shekara da shekaru, akwai kuma shou da aka fara yi a Kunming a 1973, shi ganyen ake tarawa a yayyafa mai ruwa a lulluɓe wajen wata biyu har ya ruɓa yadda ake so, kamar dai yadda ake rufe kalwa ta zama daddawa. To ƙamshin ƙasar nan ba matsala ba ne. Amma in ka ga fumfuna kore ko baƙi a jikinsa ko yana warin ruma, wallahi ka zubar kar ka ji asara, hantarka ta fi shi tsada. Ruwan farko ma ka ɗauraye ganyen ka zubar kafin ka sha.

Tambaya: Tunda ruɓar da shi ake, ba ya sa maye?

Amsa: A'a malam, ba ya bugarwa. Kafeyin ne a ciki irin na ataya, shi ya sa zai iya hana ka barci.

Tambaya: Ance yana rage teɓa, ni kuma ina da juna biyu ga ƙarancin jini, in sha?

Amsa: Hajiya taki ce ta fi damuna gaskiya. Maganar teɓa binciken da aka yi a kan mutane kaɗan ne kuma ragin bai taka kara ya karya ba, balle mai ciki ba lokacin rage ƙiba ba ne sam. Kafeyin kar ki wuce miligiram 200 a rana, ki lissafa har da kofi da lemon kola, sannan shayi kowane iri yana hana hanji tsotse sinadarin ayan mai ƙara jini, dan haka kar ki kora maganin ƙarin jininki da shi, ki bar tazarar awa biyu tsakaninsu, kuma ki faɗa musu a wajen awo cewa kina sha.