Kolajin daga fatar kifi: ya halatta a shafa a ƙuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Muna sarrafa karfasa, fatar tana taruwa muna zubarwa. Na gwada ciro kolajin, sai abin ya daskare yana danƙo. Wani ya ce in zuba a kwalba in sayar a matsayin maganin ƙuna, wai haka ake yi a Burazil. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Gara da hankalinki bai kwanta ba.

Kolajin furotin ne mai siffar igiyoyi da ke ƙarfafa fata. Abin da kika samu jelatin ne, wato kolajin da zafi ya riga ya warware igiyoyinsa. Kolajin na kifi ba ya jure zafi kamar na saniya; na kifin ruwan sanyi kan lalace tun kafin digiri 20. Shi ya sa ake yin aikin duka a digiri 4: a jiƙa fata a ruwan sodiyam haidiroksaid mola 0.1 (mola ma'aunin ƙarfin haɗin sinadari ne), a wanke, a cire kitse, a bar ta cikin asidin asetik mola 0.5 kwana biyu zuwa uku, sannan gishiri ya fito da kolajin ɗin, a yi dayalisis, wato a tace gishirin da asidin su fita. In za ki ƙara fefsin, sinadarin da ke narkar da furotin, don kolajin ɗin ya fi yawa, ki binciki asalinsa, domin galibi daga tumbin alade ake samunsa.

Batun ƙuna kuwa, wallahi na gaji da jinsa. Gaskiya ne likitoci a birnin Fortaleza na Burazil sun rufe ƙuna da fatar karfasa. Amma masu yaɗa labarin ba sa faɗin cewa sai an bi da fatar ta sinadaran kilohekzidin da gilisarol, an haska ta da hasken gama mai kashe ƙwayoyin cuta, an gwada an tabbatar babu ƙwayar cuta, kafin ta taɓa jikin mutum. Fatar da ta fito daga teburin yanka tana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Aeromonas, ƙuna kuwa ƙofa ce a buɗe. Na ga hannun yaro da aka lulluɓe da irin wannan haɗin: kwana uku ya kumbura, ruwa mai wari na tsatstsafowa, zazzaɓi ya rufe shi. Mai haɗin ko leƙowa bai yi ba.

Ki ji tsoron Allah, kada ki rubuta "magani" a kwalbar nan. Ki adana fatarki a ƙanƙara, ki nemi masana'antar da ke sayenta.