Clone Wars: Basasa Ce Ko Yaƙin Ƙasa da Ƙasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokina mun daɗe muna gardama a kan yaƙin nan na finafinan Star Wars da ake kira Clone Wars. Ni na ce yaƙin basasa ne, shi kuma ya ce ƙasashe biyu ne suka gwabza, tunda kowane ɓangare yana da gwamnatinsa da rundunarsa. Ya ƙara da cewa da basasa ce, da an kira shi haka, kamar yadda aka kira yaƙin da ya biyo bayansa. Wa ke da gaskiya? Kuma me ya sa aka sa wa yaƙin sunan sojoji maimakon sunan wuri ko na masu rikicin? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kai ne ka fi kusa da gaskiya, amma hujjar abokinka ba abar yarwa ba ce, don haka mu bi ta a hankali.

Ga yadda labarin yake. Akwai Jamhuriya guda mai haɗe da dubban duniyoyi, Majalisar Dattawanta tana zama a Coruscant, babban birnin Jamhuriyar, kuma ta yi kusan shekara 1,000 ba ta da rundunar soja ta dindindin. Sai wasu dubban yankuna suka ce sun gaji da cin hanci da halin ko-in-kula na cibiya, za su ɓalle. Count Dooku ne jagoransu, manyan kamfanonin kasuwanci da bankuna suka tsaya musu da kuɗi da sojojin ƙarfe, wato mutum-mutumin yaƙi. Aka fara ba-ta-kashi a duniyar Geonosis, aka shekara 3 ana yi. A lissafin masu bin labarin, daga shekara 22 zuwa 19 ne kafin gumurzun Yavin, wato yaƙin da aka rufe fim ɗin Star Wars na farko na 1977 da shi.

Idan ana son a rarrabe yaƙi, tambayar farko ita ce: kafin a harba harsashin farko, hukuma ɗaya ce ke mulkin ɓangarorin ko biyu? A nan ɗaya ce. Duniyoyin da suka ɓalle suna da kujeru a Majalisar Dattawa, wakilansu sun zauna a zauren, sun kaɗa ƙuri'a. Abin da ake faɗa a kansa shi ne ko suna da ikon fita. Wannan shi ne yaƙin 'yan aware, kuma reshe ne na basasa. Basasa iri biyu ce a taƙaice: wadda ake rigima a kan wa zai hau karaga, kamar ta Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa da ta ɓarke a 1893, da wadda wani yanki ke neman ya yanke ya kafa tasa ƙasar. Clone Wars na cikin iri na biyu. Yaƙin da abokinka ya ambata, wato na 'yan tawaye da Daular da ta maye gurbin Jamhuriya a fim ɗin 1977, na cikin iri na farko, domin su ba ficewa suke nema ba, kifar da mai mulki suke so su maido da Jamhuriya.

Inda abokinka ya yi ƙarfi shi ne batun gwamnati. Gaskiya ne, 'yan awaren ba gungun 'yan daba ba ne. A jerin zanen da aka fara nunawa a 2008 an kai mu Raxus, hedkwatar 'yan awaren, muka ga majalisarsu tana zama, ana muhawara, har akwai masu neman sulhu a cikinta, mutanen kirki da suka yi imani da abin da suke yi. Akwai ma yankuna 1,500 da suka ƙi shiga kowane ɓangare a ƙarƙashin jagorancin Satine ta Mandalore, kamar dai yadda ƙasashe 'yan ba-ruwanmu ke yi. To amma samun majalisa da tuta da kuɗi bai isa ya mai da yanki ƙasa ba. Jihohi 11 na kudancin Amurka da suka ɓalle suna da shugaba da majalisa da janar-janar daga 1861 zuwa 1865, duk da haka basasa ake ce wa yaƙin. Biyafara tana da kuɗinta da rediyonta, har ƙasashe 5 suka amince da ita: Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti. Amma abin da aka yi daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970 yaƙin basasa ne a littattafan tarihi. Da 'yan awaren Dooku sun yi nasara, da jikokinsu sun kira shi yaƙin neman 'yanci, kuma da ba wanda zai musa musu. Ba su yi ba.

Sai dai ni a ganina, kai da abokinka duk kun tsaya a bakin ƙofa. Mai kallo ya san abin da mutanen cikin labarin ba su sani ba: mutum ɗaya ne ke riƙe da linzamin ɓangarorin biyu. Palpatine shi ne shugaban gwamnatin Jamhuriya, kuma shi ne ubangidan Dooku a ɓoye. Barazanar 'yan aware ce ta sa Majalisa ta miƙa masa ikon dokar ta-ɓaci, da ikon ya halatta rundunar sojojin kwafi (clone, wato mutanen da aka kwafa daga jikin wani), da rundunar ya hallaka mayaƙan Jedi, masu tsaron Jamhuriya, ta hanyar umarni mai lamba 66, sannan ya aika aka kashe shugabannin 'yan awaren a Mustafar, aka kashe sojojin ƙarfensu a lokaci guda kamar an ɗauke wuta. Yaƙin bai ƙare da yarjejeniya ba, bai ƙare da an ci wani da yaƙi a fili ba, ya ƙare ranar da mai shi ya gama buƙatarsa. Saboda haka in za ka rubuta shi a rijista, rubuta gida biyu. A zahiri: basasar 'yan aware. A haƙiƙa: juyin mulki da aka shekara 3 ana aiwatarwa da jinin mutane.

Yanzu batun suna, wanda ya fi burge ni. A fim ɗin 1977 an ambaci yaƙin ne a wucewa kawai, inda Luke, jarumin fim ɗin, ya tambayi tsoho Obi-Wan, wani mayaƙin Jedi, ko ya yi shi. Ba a yi bayani ba. Shekara 25 masu kallo suna hasashe, da yawa sun ɗauka sojojin kwafin su ne abokan gaba, domin bisa al'ada mutane da sunan maƙiyi ko na wurin da suka sha wuya suke tuna yaƙi. Kakanninmu ma yaƙin Hitila suka ce, waɗanda aka kai daji kuma suka ce yaƙin Bama. Sai fim ɗin 2002 ya juya abin: ashe sojojin kwafin na Jamhuriya ne.

Ka tuna lokacin da Obi-Wan ya isa duniyar Kamino, inda ake ƙera sojojin kwafin, cikin ruwan sama, aka zagaya da shi. Ta bayan gilashi ya ga jarirai cikin kwalabe jere reras, ya ga yara masu fuska ɗaya suna karatu, ya ga samari masu fuskar nan dai suna cin abinci a dogayen tebura. Duk daga jikin mutum guda aka kwafe su, Jango Fett. Aka gaya masa 200,000 sun shirya, miliyan guda na tafe, kuma an yi odarsu tun shekara 10 da suka wuce, tun kafin a fara maganar ɓallewa da gaske. A ƙarshen fim ɗin Obi-Wan ya kira abin da ya faru a Geonosis nasara, Yoda, babban malamin Jedi, ya ƙi yarda, kuma daga bakinsa sunan yaƙin ya fara fita. Nan take aka nuna sahu-sahun sojoji suna shiga jirage, Palpatine yana tsaye a bene yana kallo.

To ka ga sunan ya fito ne daga ɓangaren Jamhuriya, kuma ya kama abin da ya fi girgiza su, wato ƙasar da ba ta da soja ta wayi gari da runduna. Amma dubi abin da sunan ya binne. Babu kalmar ɓallewa a ciki, babu koken yankunan da aka yi watsi da su, babu sunan wanda ya kitsa. An jingina yaƙin ga waɗanda ba a taɓa tambayar ra'ayinsu ba, waɗanda aka haifa don su mutu a cikinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan abin yana taɓa ni duk lokacin da na sake kallo. Shi ya sa hujjar abokinka ta cewa ba a kira shi basasa ba ba ta tsaya ba, domin gwamnatoci ba sa son wannan kalmar. Gwamnatin Gowon ma da farko matakin 'yan sanda ta kira nata yaƙin, Ingila kuma ta shekara 12 tana faɗa a Malaya, daga 1948 zuwa 1960, tana kiran abin dokar ta-ɓaci.

In kuna son ganin inda aka sarrafa wannan dabara da kyau, ku duba wasan kwamfuta na Mass Effect, wanda kamfanin BioWare ya fitar a 2007. A labarinsa, a shekarar 2157 'yan Adam suka yi karo da wasu halittu da ake kira turian, saboda sun yi ƙoƙarin kunna wata tashar tafiya a sararin sama da doka ta hana a taɓa. Aka yi 'yan watanni ana faɗa, turian suka mamaye Shanxi, wata duniyar da 'yan Adam suka zauna, 'yan Adam suka ƙwato ta, majalisar halittu ta shiga tsakani. 'Yan Adam suna kiransa yaƙin haɗuwar farko, don a wurinsu shi ne ranar da suka gane ba su kaɗai ba ne. Su kuwa turian hatsaniyar tasha ta 314 kawai suke cewa, kamar rahoton ɗan sandan kan iyaka. Da jin wanda mutum ya furta ka san daga ina ya fito, ka kuma san ko har yanzu yana riƙe da abin a zuciya. Wannan kuwa shi ne yaƙin ƙasa da ƙasa na ainihi, irin wanda abokinka yake nufi, domin ɓangarorin ba su taɓa zama a ƙarƙashin hukuma ɗaya ba, ba su ma san da juna ba kafin ranar.

Ka gaishe min da abokin naka, ka kuma tambaye shi wane suna yake ganin 'yan majalisar Raxus za su sa wa yaƙin da a ce su ne suka rubuta tarihinsa.