Awudu, ruwan Labadi ba zai shiga tankin nan ba

Awudu na ga saƙonka tun bayan isha'i, ina cikin trotro ne daga Madina shi ya sa ban amsa ba. Ka ce don me muke sayen gishirin bokiti mai tsada, wanda kamfani ke haɗawa musamman don tankin kifi da murjani, alhali ga teku a Labadi kyauta, ko mu sayi gishirin Ada a kasuwar Nima mu dama kawai, sannan ka ce Alhajin East Legon yana ta damunka da waya wai kwana goma kenan tankinsa ba komai sai duwatsu, yaushe za a sa murjani. To buɗe kunne.

Tambayar ruwan teku ba ta wauta ba ce, ni ma na yi wa mastana ita. Akwai ƙasashen da ake ɗibo ruwan teku a zuba a tanki, amma can nesa suke shiga da jirgi inda ruwa ke garau. Mu nan fa? Je ka tsaya bakin tafkin Korle ran da aka yi ruwan sama ka ga abin da kogin Odaw ke kwasowa, leda, baƙin mai, ruwan gota na rabin Ankara (Accra), duk teku yake shiga, kuma gishirin ruwan bakin gaɓa yau ya yi sama gobe ruwan sama ya tsinka shi. Kifin Chorkor ya saba da wannan, murjanin da ya taso daga Indunisiya bai san shi ba.

Gishirin Ada kuma na miya ne, Allah ya sa masa albarka. Lokacin da rana ke busar da ruwan, yawancin kalshiyam da magnisiyam ba sa bin gishirin da ake kwashewa, su kuwa su ne abin da muke biyan kuɗi dominsu. Murjanin nan da kake ganin tsofaffi na ɗaurawa a wuya ƙashin wata halitta ne, mai rai ɗin dabba ce, ba ciyawa ba, da kalshiyam take gina ƙashinta. Shi ya sa muke riƙe kalshiyam tsakanin 400 zuwa 450, magnisiyam wajen 1300, alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami, 8 zuwa 9, duk a ma'aunin kayan gwaji. Gishirin bokiti kamar giram 35 ne a kowace lita, wato tankin Alhaji mai lita 200 ya ci wajen kilo 7, amma kar ka yarda da sikeli kaɗai, ɗiga ruwan a rifiraktomita, abin auna gishirin ruwa, ka ɗaga wajen haske sai ka ga 1.025 ko 1.026. Kuma ruwan injin RO, mai tace ruwa tas, za ka dama da shi. Ban da na famfo, ban da na politank, ban da piya wata ko da na wane kamfani ne.

Maganar Alhaji, ka ce masa tankin ba fanko ba ne, akwai ma'aikata ciki ido ne ba ya ganinsu. Ɗan jatan landen da na jefa ranar farko yana ruɓewa ya ba da amoniya, wasu ƙwayoyin bakteriya su zauna a ramukan dutse su mai da ita naitirait, wasu kuma su mai da wannan naitiret. Biyun farko guba ne. Ba a sa murjani sai gwaji ya nuna sifiri a su biyun, kuma abin kan ɗauki sati 4 zuwa 6, wani lokaci ya fi. Kwanan nan za ka ga wata ƙura ruwan ƙasa ta rufe yashi da gilashi, zai kira ka hankali tashe wai tanki ya lalace, ka ce masa haka ake so, da kanta za ta wuce. In ya matsa ka ba shi lambata, ni na san yadda zan lallaɓa shi, gaggawa ce irin ta mai kuɗi.

Abin da ya fi gishiri ba ni tsoro ma zafi ne da dumso, wato ɗauke wutar lantarki. A jikin murjani akwai wasu ƙananan gansakuka da ke yi masa abinci da hasken fitila, su ne ma yawancin launinsa, ruwa na wuce digiri 29 ko 30 ya daɗe a haka sai ya tofar da su ya koma fari fat. Mu 25 zuwa 26 muke so. Littattafan Turawa hita suke ta magana, mu a watan Maris cila, injin sanyaya ruwa, muke nema ko ɗaki mai AC. A 2015 lokacin da dumso ya yi tsanani na haɗa wa wani mutum tanki, na ce a sa inbata ya ce akwai janareta, ni kuma na yi shiru don kar ciniki ya kuɓuce, laifina ne. Ya yi tafiya, wuta ta ɗauke, mai gadi ya ce ba mai. Washegari da na buɗe ƙofar falon wari ne ya fara tarbe ni, ruwa ya yi fari kamar an tsinka koko, kifaye a kwance a ƙasa, naman murjani na saluɓewa daga ƙashi kamar majina, na sa tamomita ta nuna 32. Tun daga nan ba na taɓa aikin da ba batir aƙalla na famfon da ke kaɗa ruwa, don in ruwa ya tsaya iska ke fara ƙarewa.

Wani abu da yara ke kuskurewa, in ruwa ya ragu da kansa, musamman da hunturu, ruwa ne ya tashi gishiri na nan, don haka ruwan RO zalla za ka ƙara har layin da na manna selotef. Ruwan gishiri sai ranar canji, lita 20 duk sati. Kar ka sa wani abu na tagulla a layin ruwan, yana kashe murjani. Ka kuma gaya wa Hajiya da 'yar aikinta ban da fesa maganin sauro a falon, kai ma ka wanke hannu, na san ka da turare.

In lokaci ya yi da murjani masu taushi za mu fara, irin su mashrum da zowa, mai ƙashi irin Acropora kuwa sai tanki ya kusa shekara. Zowa ɗin nan wasunsu na da dafi mai haɗari, ba a yanka su sai da safar hannu da tabarau. Gobe ƙarfe 7 ka same ni a shago, ka zo da kayan gwaji da galan Kufuor biyu wankakku, ba waɗanda aka zuba manja ba.