Zauren Kawu: Albashina ya ninka sau biyar, barcina ya ragu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu. Ni injiniya ne ɗan Kano, shekarata 36, ina da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Dā a gida nake aiki ana biya na naira dubu 300 a wata. Shekara biyu ke nan da wani kamfani ya ɗauke ni a Legas, yanzu ina karɓar miliyan ɗaya da rabi bayan an cire haraji. Na sayi mota, na canza wa yara makaranta, na fara gini, na kai Hajiyata Umara. Amma Kawu, ƙarfe biyar na asuba nake fita, sai goman dare nake dawowa, wayar oga ba ta barina ko ranar Lahadi. Iyalina suna Kano, sai in yi wata biyu ban leƙa su ba. Da na je babbar salla, autata ɓuya ta yi a bayan mamanta. Likita ya ce jinina ya hau. Abin mamaki kuma, kafin 25 ga wata aljihuna ya yi fayau kamar dā. In na yi ƙorafi sai abokai su ce butulci nake wa Allah. Butulcin ne? Ko in ajiye aikin in koma gida?

Injiniya, daga Legas

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Ba butulci ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, abokan naka kuwa albashi suke gani, ba su ga takardar likita ba.

Sai dai kada a ce Kawu ya zo wa'azin talauci. Tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira dubu 70 ne, kai kana ɗaukar na mutum ashirin da ɗoriya. A wannan marra da aka cire tallafin fetur komai ya yi tashin gwauron zabi, ba ka kwana da tunanin kuɗin makaranta ko maganin Hajiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kantin magani riƙe da takardar likita yana lissafin wanne zai saya wanne zai bari, ya san kuɗi suna cire ƙaya.

Masana ma sun ja juna a kan wannan. A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton suka yi nazarin Amurkawa, suka ce jin daɗin yau da kullum yana hawa tare da samu har ya kai dala dubu 75 a shekara, daga nan ya tsaya. A 2021 Matthew Killingsworth ya ce bai ga inda ya tsaya ba. Da suka haɗu da Kahneman a 2023 suka sake bin alkaluman, sai suka ga yawancin mutane ƙarin kuɗi yana ƙara musu walwala, amma akwai wani rukuni kaɗan, waɗanda dama suke cikin ƙunci, da in samunsu ya kai wani mataki ƙarin ba ya sake taɓa ƙuncin. A ganina ƙofar rukunin nan kake ƙwanƙwasawa, domin abin da ke cin ka ba a sayar da maganinsa a kanti.

Ni ma na sha ruwan Legas, aikin banki. Daga Agege nake sammako in haye doguwar gadar nan ta Third Mainland mai kusan kilomita 12 zuwa Marina, in dawo garin ya yi tsit. A 2002 aka raɗa sunan 'yata ta biyu ina ofis ina rufe lissafin ƙarshen wata, ƙanena ne ya tsaya aka yanka ragon. Ban damu ba a lokacin, ai don su nake wahala. Da Babban Banki a zamanin Soludo ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, ina cikin waɗanda aka miƙa wa takardar sallama. Na zauna na duba abin da na tara, bai kai ya riƙe gidana wata huɗu ba. Shekara goma sha ɗaya!

Ina kuɗin suka tafi? Inda naka suke tafiya. Albashi babba yana da masu shi tun kafin ya shigo. Kana biyan haya a Legas kana ciyar da gida a Kano, tukunya biyu ke nan. Mota tana son mai da bakanike. Makarantar kuɗi in ka saka yaro ba ka iya cire shi sai an yi da kai. Gini kuwa rijiya ce gaba dubu. Sannan ga mu, dangi. Da zarar an ce wane ya samu, kai ne kayan ɗakin 'yar baffa, kai ne kuɗin asibitin maƙwabci, kai ne jarin ƙanin matarka da ke karyewa duk bayan wata shida. Ban ce zumunci laifi ba ne, wani ma shi ya biya maka kuɗin jarrabawa. Amma kowace ɗawainiya da ka ɗauka igiya ce da ta ƙara ɗaure ka a kujerar ofis. Shi ya sa in oga ya kira ranar Lahadi ba ka iya cewa a'a: ba shi kake tsoro ba, kuɗin zangon karatu na gaba kake tsoro.

Maganar hawan jinin nan ita ta fi tsaya mini a rai. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da rahoto cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya fi yawa a kansa da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17, in aka gwada shi da mai yin awa 35 zuwa 40. Kai awa 17 kake yi a waje kullum. Lissafa na kwana biyar da kanka.

Su masu kiran butulci ka tuna musu labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i. Salman ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, kuma Annabi (SAW) ya gaskata shi. Abud Darda'i fa azumi da ƙiyamul laili ne suka ɗauke shi daga iyalinsa, ba kamfani ba.

To, kada ka ajiye aikin yanzu. Da gini rabi da asusu fanko, komawa gida zai canza maka ciwo ne kawai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zauna da maiɗakinka ku rubuta duk abin da ke fita na wata uku, har kuɗin kati. Za ka ji kunya, ni ma na ji. Ka yanke wa dangi kaso sananne a wata, ka damƙa shi hannun Hajiya ko babban yayanku, mai buƙata ya je can, in ya ƙare ya ƙare. Ginin ka rage shi, ɗaki uku da za ka shiga ya fi bene da za ka yi shekara takwas kana kallo a hoto. Abin da ya rage ka tara har ya kai cefanen wata shida. Ranar da ya cika, za ka ji muryarka ta canza in kana magana da oga.

Sauran kuma ka sayi lokaci da shi, tunda ka sayi komai ban da shi. Ɗaki kusa da ofis, ko ya fi tsada, zai maido maka awannin da cunkoso ke cinyewa. Kuɗin jirgi duk wata ka sa shi a sahun kuɗin abinci. Hutun shekara haƙƙinka ne, ka ɗauka ka kashe waya. In kamfanin yana da reshe a Kano ko Abuja, ka nemi a mai da kai ko da za a rage wani abu, ka kuma sa wa kanka rana, misali ƙarshen baɗi, wadda in ba a yi ba za ka nemi wani wajen.

Autarka kuwa, ka riƙa kiranta ta bidiyo kullum bayan magariba ko minti biyar ne. In ka je gida kada ka tare ta da jakar tsaraba kana miƙa hannu. Shimfiɗa tabarma a tsakar gida ka zauna, ita za ta zo da kanta. Tawa sai da ta yi wata biyu tana tambayar mamanta yaushe baƙon nan zai tafi.